Bakanike da Ƙwaƙwalwar Mota

A da, bakaniken bakin titin Zariya, daga Kumbotso har Kura, da kunne yake gano ciwon mota: ya kara sukudireba a jikin inji, ya kasa kunne, ya ce a kwance kafireto. Motocin Kwatano na yanzu sun fi ƙarfin kunne. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa sabbin motoci kafar OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, ƙaramar na'urar da ake jonawa kuma ta yi araha. Amma galibi lambar matsala take nunawa. Sabunta manhajar ƙwaƙwalwar motar, ko haɗa sabon makulli, kamfanoni sun riƙe gam. Me ya rage wa mai gareji? Canki-canka. A sauya fulogi, a sauya famfon mai, ƙarshe a nufi Ƙofar Ruwa neman ƙwaƙwalwa 'yar gwanjo, tumatirin Kadawa kuwa yana can yana narkewa cikin kwando a bayan mota. A 2012 mutanen jihar Massachusetts ta Amurka suka kaɗa ƙuri'ar tilasta wa kamfanoni sayar wa kowane gareji kayan binciken da dilolinsu ke amfani da su. Mu da ke kwasar tsofaffin motocinsu, ko zancen ba mu tayar ba.