Jirgi Ya Tafi, Suna Ya Saura

A shekarar 2021 rundunar mayaƙan ruwa ta Nijeriya ta karɓi wani sabon jirgi da aka ƙera mata a Faransa, mai aikin auna zurfin teku da zana taswirar hanyoyin ruwa, ta raɗa masa suna Lana. Waɗanda suka san rundunar tun da daɗewa sun gane sunan nan take, domin shi ne sunan tsohon jirgin awon teku da aka sayo daga Ingila a 1976. Wannan jarida tana ganin an yi daidai, amma kuma aikin bai kammalu ba.

Gadon suna tsakanin jiragen yaƙi tsohuwar al'ada ce, Turawan Ingila kuwa sun fi kowa riƙo da ita. Manuwa biyar suka yi masu suna Ark Royal. Na fari an ƙera shi a 1587, shi ne ya jagoranci jiragen Ingila sa'ad da suka kara da rundunar Sifen a 1588. Daga nan sunan ya kwanta kusan shekara ɗari uku, sai a 1914 aka tashe shi. Na uku ya fi su shahara. A watan Mayu na 1941 jiragen saman da yake ɗauke da su suka lalata wa babban jirgin Jamus, Bismarck, abin juya akala, har aka samu aka nutsar da shi. Cikin watan Nuwamba na wannan shekara wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbe shi kusa da Jibralta, ya nutse, amma mutum ɗaya tak aka rasa. Na huɗu ya yi aiki daga 1955 zuwa 1979, na biyar kuma aka sallame shi a 2011, aka kai shi Turkiyya aka yayyanka.

Abin lura a nan shi ne, a ƙa'idar Ingila lambar yabon yaƙi suna take bi, ba ƙarfe ba. Kowane sabon Ark Royal yakan gaji wani allon katako da aka rubuta fagagen daga na magabatansa a kai, tun daga 1588. Saurayin da aka kai jirgin jiya yana iya tsayawa ya karanta abin da masu sunan suka yi kafin a haifi kakansa. Haka Amurka ta yi da sunan Enterprise: na bakwai ya yi fice a Yaƙin Duniya na Biyu, na takwas kuwa, wanda ya fara aiki a 1961, shi ne jirgi mai ɗaukar jiragen sama na farko da ke tafiya da makamashin nukiliya.

Al'adar tana da nata cikas. Ɗalibin da ya ga sunan jirgi a littafi ba tare da shekara ba yana iya jingina wa jika aikin kaka, ma'aikaci kuma yana iya cuɗa fayil biyu. Maganin haka shi ne rajista mai tsabta, mai nuna shekarar ƙira da lambar jikin kowane jirgi.

Nijeriya ba ta rasa sunayen da suka cancanci gado ba. Akwai lokacin da rundunar ta riƙa zaɓen dabba guda ta kira ta da harsunan ƙasa dabam-dabam: Dorina da Erinomi da Enyimiri da Otobo duk dabba ɗaya ce, kamar yadda Damisa da Ekpe da Agu suke. Hikima ce mai kyau a ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa. Babban jirgin da aka ƙera a Hambag ta Jamus, ya fara aiki a 1982, an ba shi sunan Hausa, Aradu, kuma ya wakilci ƙasar a bikin jiragen ruwa na duniya a Ingila a 2005. Da aka karɓi wani jirgi daga Amurka a 2011 sai aka kira shi Thunder, wato dai aradun ce da Turanci. Babu laifi a ciki, sai dai ba a kan wancan tsari aka tafi ba.

Saboda haka ya kamata Ma'aikatar Tsaro ta kafa doka cewa ba za a sayar da wani jirgi ga masu yankan ƙarfe ba sai an cire ƙararrawarsa da allon sunansa, an kuma miƙa littattafan tafiyarsa ga gidan adana takardun tarihi na ƙasa. Sa'an nan a buga jerin sunayen jiragen da shekarunsu, a raba wa makarantu. In ba haka ba, matuƙan sabon Lana za su ɗauki sunan wani jirgi da ba su da inda za su karanta aikin da ya yi a gaɓar Ikko da bakin Kwara. Sunayen irin su Dorina da Damisa kuwa a ajiye su, a ba jiragen da za a saya nan gaba.