Faifan HDD ya bar tsere, ya koma rumbu

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar Windows 10, kuma wadda ta gaje ta, Windows 11, ba ta yarda da mafi yawan kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018. Don haka ofisoshi da makarantu a Turai da Amurka za su ci gaba da fitar da tsofaffin na'urorinsu, kuma kowa ya san inda irin wannan kaya ke ƙarewa: tashar jiragen ruwa ta Legas, daga nan kasuwar Computer Village da ke Ikeja, sai titin Beirut da Farm Centre a Kano, kafin su gangaro shagunan Funtuwa da Malumfashi. A yankin nan kuwa ciniki kaka yake bi. Idan masara da waken suya da auduga suka fita, kuɗi ya shigo hannu, a lokacin ne uba ke saya wa ɗansa kwamfutar karatu, mai kafe ya ƙara inji, dillalin taki ya ce ya gaji da rubuta bashi a littafi.

Tambayar da aka saba ji a bakin kanta ita ce, “Giga nawa ce?” Mai shago ya ce ɗari biyar, ko tera ɗaya, mai saye ya ji daɗi ya biya. Wanda aka nuna wa mai giga 256 kuma sai ya ga kamar an rage masa mudu. Alhali sau da yawa mai 256 ɗin ce ta fi, domin ma'ajiyar da ke cikinta SSD ce, ta wancan kuwa HDD, wato faifan da 'yan kasuwa ke kira had-dis.

HDD faifai ne na gaske, na ƙarfe ko gilashi, wanda aka shafe da sinadarin maganaɗisu. Yana juyawa a cikin akwati, wani ɗan hannu mai allura a baki yana kai-komo a kansa yana rubutu yana karatu, kusan yadda garmaho ke yi a da. Sai dai allurar nan ba ta taɓa faifan, shawagi take yi a samansa da tazarar da ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Na kwamfutar tafi-da-gidanka yakan juya sau 5,400 a minti guda, na kan tebur sau 7,200. SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinta. Ƙwayoyin lantarki ne, dangin waɗanda ke cikin memori da filash da wayar da mai karatu ke riƙe da ita yanzu.

Tun 1956 da kamfanin IBM ya fito da na farko, wanda ke da faya-fayai 50 masu faɗin inci 24 kowanne amma da ƙyar ya ɗauki hoto ɗaya na wayar yau, masu ƙera faifai abu biyu suke nema: ya ƙara ɗaukar kaya, ya kuma ƙara sauri. A fagen sauri an yi tsere sosai. A 1996 Seagate ya fito da Cheetah mai juyi 10,000 a minti, a 2000 ya kai shi 15,000, kuma bankuna da manyan kamfanoni suka yi ta saye da tsada. A 2003 Western Digital ya kawo wa masu kwamfutar gida nasu, Raptor mai juyi 10,000, daga baya ya zama VelociRaptor. Na ƙarshe a wannan zuriya, mai tera ɗaya, ya fito a 2012, ba a sake yin wani ba. A 2016 shi ma Seagate ya fitar da sabon samfurin mai juyi 15,000, ya kuma nuna cewa ba shi da shirin yin wani a bayansa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Komai saurin faifai, sai allura ta tafi inda bayanin yake, ta jira faifan ya juyo da shi. Mai juyi 15,000 ɗin nan da ake ji da shi, ƙananan saƙonni wajen 200 yake iya ɗaukowa daga wurare daban-daban a daƙiƙa guda. SSD mai araha tana yin dubun dubata. Kunna kwamfuta da buɗe manhaja kuwa aikin ɗauko dubban ƙananan fayiloli ne daga nan da can. Ga zafi, ga ƙara, ga shan wuta. A 2010 an sayar da faifan HDD sama da miliyan 600 a duniya. A 2023 bai kai miliyan 200 ba. Masu ƙerawa ma uku suka rage: Seagate da Western Digital da Toshiba.

Wannan ya sa wasu suka fara yi wa faifan jana'iza tun yana numfashi. A 2023 wani babban jami'in kamfanin Pure Storage, wanda SSD yake sayarwa, ya ce bayan 2028 ba za a ƙara sayar da sabon HDD ba. Ba mu ga alamar haka ba. Da faifan ya sha kaye a gudu, sai ya koma inda ya fi ƙarfi, wato ɗaukar kaya. A 2013 aka fara cika akwatinsa da iskar hiliyam, wadda ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi, don a samu damar jera ƙarin faya-fayai. A farkon 2024 Seagate ya sanar da mai tera 30, wanda hasken leza ke ɗumama ɗan wurin da za a yi rubutu, bayan shekara guda kuma ya sanar da mai tera 36. Masu sayen waɗannan su ne irin su Google da Amazon da Microsoft da Meta. Seagate na cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ke ajiye a manyan cibiyoyin adana bayanai a kan faifai yake, kuma tera ɗaya ta SSD a can takan ninka ta faifai tsada wajen sau shida. Hajarsa yake yabo, sai a ɗauki alƙaluman da hankali, amma su ma kamfanonin da ke saye ba don ƙauna suke yi ba.

Mai hatsi a Ɗandume ko Bakori ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Abin da zai auna yau yana gabansa a buɗaɗɗen buhu, sauran yana sito sai bazara. Haka manyan kamfanonin suka raba: abin da ake taɓawa kullum a SSD, tarin da ake jibgewa a HDD.

Inda abin ya shafe mu shi ne, masu ƙerawa sun juya wa ƙaramin mai saye baya. Ɗan faifan nan da ake jonawa da igiya, wanda duk mai tura fina-finai ke da shi, ya kai tera 5 tun 2016, bai ƙaru zuwa tera 6 ba sai 2024, a daidai lokacin da manyan suka ninka har sau uku. A watan Fabrairun 2025 Western Digital ya rabu da sashensa na SSD, wato SanDisk. A ƙarshen shekarar kuma, cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira ta AI suka wawashe kayan ajiya iri biyun, farashi ya tashi, har Micron ya sanar a watan Disamba cewa zai daina sayar da samfurinsa na Crucial ga ɗaiɗaikun mutane. Mu kuma da naira muke saye, wadda ta tashi daga wajen 460 a dala kafin Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024. Duk wanda ke jiran ranar da SSD mai tera huɗu za ta yi arahar faifai, ya nemi kujera.

Ga ɗalibin makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa, ko ɗalibar makarantar ungozoma ta Malumfashi, ko mai kafen da layi ke cika masa shago lokacin cike takardun neman aiki da tallafin karatu, babu wata muhawara: SSD. Tsohuwar kwamfutar da ke ɗaukar mintuna kafin ta buɗe, sau da yawa ba mutuwa ta yi ba. A cire faifan, a sa SSD a gurbinsa, karatun da yake yi na wajen megabait 100 a daƙiƙa ya koma sama da 500, kuma batir ya ɗan ƙara jimawa. Wannan ya fi sayen wata tokumbon araha. Sannan duk kwamfutar da za a rataya a hau acaɓa da ita zuwa Ƙafur ko Ɗanja, tana buƙatar ma'ajiyar da girgiza ba ta dame ta ba. Faifan da ke juyi idan ya sha bugu, allura ta kan karce shi, abin da ke wurin ya tafi ke nan.

Mai tura fina-finai da mai ɗaukar bidiyon biki lissafinsu daban ne. Wanda ya tara Labarina da Daɗin Kowa da Indiya-Hausa da tafsirin shekaru, tera yake nema, kuma har yanzu faifai ne ke ba shi ita a kuɗin da zai iya. Ya ci gaba da saye, ba laifi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne yadda ake ɗora jari gaba ɗaya a kan faifai guda, yana lilo a bakin tebur, ana cire shi ana mayarwa sau hamsin a wuni, wuta na ɗaukewa yana tsakiyar rubutu. Fim ana iya sake samo shi da wahala da kuɗin data. Bidiyon ɗaurin auren mutane kuwa, da littafin bashin taki na manoma ɗari uku, ba su da wani wurin da za a je a karɓo. Irin wannan kwafi biyu yake so, kuma na biyun kada ya kwana a shago. Gobarar da ta cinye shaguna masu yawa a Farm Centre a watan Yunin 2025 ba ta tambayi wace ma'ajiya ce SSD, wace ce HDD ba.

Kada kuma a ɗauka SSD ba ta da aibi, domin masu shago ba su cika faɗar wannan ba. Bayanin da ke cikinta ɗan cajin lantarki ne da aka kulle a ƙwayoyi, kuma cajin yana zurarewa a hankali idan aka daɗe ba a jona ta ba, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Ƙa'idar JEDEC, hukumar da ke tsara ma'aunin irin waɗannan kaya, ta ce SSD ta gida wadda ta cinye adadin rubutun da aka ƙayyade mata ta riƙe bayani shekara guda ba wuta a zafin digiri 30. Sabuwa tana wuce haka nesa. Amma ta tokumbo ba wanda ya san aikin da ta sha, kuma ɗakin kwano a watan Maris da Afrilu ya wuce digiri 30 tun da hantsi. Sakataren ƙungiyar manoman da ke kwafe rajista a SSD ya jefa a durowa sai wata kaka, caca yake yi. Faifai yakan yi gargaɗi, ya fara ƙas-ƙas ko nauyi, mutum ya yi hanzarin kwashe kayansa. SSD sau da yawa shiru take yi rana ɗaya, kuma ciro abin da ke cikinta ya fi wuya.

Sai batun jabu. An sha buɗe SSD da aka rubuta wa tera 2 ko tera 16, aka tarar ɗan memori ne a ciki da aka sa ya yi ƙaryar girma. Tana karɓar fayil, amma idan an zo buɗewa babu komai. Faifai ma bai tsira ba. A farkon 2025 kafar Heise ta Jamus ta bankaɗo yadda aka riƙa sayar da faifan Seagate da suka yi dubban sa'o'i suna aiki a matsayin sababbi, bayan an goge musu lissafin sa'o'in. Idan an yi wa Jamusawa haka, mai saye a Funtuwa sai ya buɗe ido. Akwai manhajoji na kyauta: CrystalDiskInfo tana nuna lafiyar ma'ajiya da sa'o'in da ta yi a kunne, H2testw kuma tana cika ta da bayani don a ga ko girman na gaskiya ne. Shekara guda sa'a 8,760 ce, don haka faifan da ya nuna 30,000 ya haura shekara uku yana juyi. Ƙwararren mai ha'inci na iya goge lissafin, amma mai shagon da ya ƙi a gwada a gabansa ya riga ya ba da amsa.

Inda muka fi jin tsoro shi ne sayayyar hukuma da ta makarantu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, gwamnatin tarayya kuma ta ce WAEC da NECO su bi sahu, wanda ke nufin za a buɗe ƙarin cibiyoyin jarrabawa a garuruwa irin namu, kowace da babbar kwamfutar da ke riƙe sauran. Tsofaffin manyan kwamfutocin HP da Dell da ake fitarwa daga Turai, da yawansu da waɗancan faifan masu juyi 10,000 da 15,000 suke zuwa, masu giga 300 ko 600. A takarda sunansu yana da daɗin ji, kuma ɗan kwangila ba zai yi ƙarya ba idan ya ce a zamaninsu babu kamarsu. Amma kaya ne da aka daina sabuntawa, idan ɗaya ya mutu wani tsohon za a nemo, kuma suna shan wutar da cibiyar da ke kan sola ko janareta ba ta da ita.

Ya kamata gwamnatin Jihar Katsina da ƙananan hukumomin shiyyar Funtuwa da masu makarantu masu zaman kansu su daina rubuta yawan giga kawai a takardar kwangila. A rubuta cewa manhaja da aikin yau da kullum a kan SSD za su zauna, ajiya ta biyu a kan HDD mai girma da za a adana a wani ginin, a kuma bayyana ko kayan sabo ne ko tokumbo. Kafin a sa hannu a biya, wani ma'aikacin da ba shi da alaƙa da ɗan kwangilar ya kunna kowace na'ura, ya rubuta lambar ma'ajiyarta da sa'o'in da ta nuna a jikin takardar karɓar kaya.