Kwamfutar Jama'a Ba Rigar Sallah Ba Ce

'Yan'uwa na Sinnar da Mai Wurno da Sinja da sauran ƙauyukan bakin kogi.

Tun ranar da na sa aka sauke Windows daga kwamfutar da nake rubuta wasiƙun dattijonmu, aka ɗora mata Linux Mint, samarin unguwa suka hana ni sakat. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce rowa. Wanda ya fi su ladabi, ɗan ƙanena da ya yi karatu a Wad Madani, cewa ya yi: "Baffa, wannan ai sha'awa ce, kamar shayi da jabana, kowa da abin da ransa ke so." Shi nake so in amsa wa, domin maganarsa ta fi kama da gaskiya, shi ya sa ta fi saurin ruɗin mutum.

In na'urar taka ce, da guminka ka saya, ka ɗora mata abin da ka ga dama. Amma wadda ke gabana amana ce. A cikinta akwai sunayen waɗanda aka ɗaura wa aure da shaidunsu, da takardun sulhu kan iyakar gonaki, da jerin iyalan da suka watse lokacin da Sinja ta faɗi a ƙarshen Yunin 2024, da hotunan wasiƙun ajami da iyaye suka adana tun tasowar kakanni bayan yaƙin Burmi na 1903. Mu mutane ne da har yau ake neman hujjar zamanmu a ƙasar da muka haura shekara ɗari a cikinta. Wanda ya ga abin da ya auku a Damazin da Rusairis a Yulin 2022 ba sai an gaya masa darajar takarda ba.

To, me samarin ke karewa? Mu faɗi gaskiya: wa ya taɓa ganin ɗayanmu ya biya kuɗin lasisi? Kwafin da aka fasa wa makulli ne ake zuba mana a shagunan kasuwa, tare da duk abin da mai fasawar ya cusa a ciki, wanda ba mu sani ba, mai shagon ma bai sani ba. Ni ganau ne. Wani mai gyara ya taɓa zuba mini irin wannan kwafin, bayan 'yan watanni ƙwayar cuta ta cinye rubutun shekara guda. Ba don littafin da nake kwafewa da hannu ba, da rigimar gado ta tashi tsakanin gida biyu. Laifin na kwafin sata ne da nawa sakacin, ban ɗora wa kowa ba.

Da muna da uzuri. Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, ba ta ɗage shi ba sai Oktoban 2017, kuma a mafi yawan shekarun nan ko kana da kuɗi, hanyar sayen halal a toshe take. Malamanmu sun karantar da mu cewa lalura tana sassauta hukunci, sun kuma karantar da mu cewa ana auna ta gwargwadonta. Wanda ya ga rijiyar wakafi a ƙofar gidansa, da wace hujja zai ci gaba da tsallaka katangar maƙwabci da guga? Linux rijiyar wakafi ce. Linus Torvalds, ɗalibi a Finlan, ya fara shi a 1991, kuma lasisinsa da kansa ya halatta maka ka kwafa, ka gyara, ka ba wani.

Sai batun ƙarfin aljihu. Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa tana sharɗanta wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin na'urorinmu da yawa ba su da shi. Ma'ana, ko ka sayi sabuwa, ko ka zauna a ɗakin da aka daina gyara wa ƙofa. Wa zai sayi sabuwa a shekarun da mutane ke sayar da akuya su sayi dawa? Tamu ta haura shekara goma, ga ta nan tana aiki, kuma da filasha guda aka ɗora mata tsarin, ba tare da intanet ba. Wanda ya tuna yadda layukan sadarwa suka mutu a Fabrairun 2024 ya san nauyin wannan.

Ba zan ɓoye aibi ba, don ɓoye aibi a ciniki haramun ne. Wasiƙar Larabci da aka tsara a Word, wani lokaci in na buɗe ta a LibreOffice sai layuka su goce. Wata firinta takan yi gardama. Masu gyara a kasuwar Sinnar da yawa in sun ga allon sai su ce ba su san wannan ba. Maganin na farko shi ne in mayar da takarda PDF kafin ta fita hannuna. Na ƙarshen kuwa, kunya ce ga masu gyaran, su koya. Masu cewa ba a rubuta ajami ko ɓ da ɗ da ƙ a Linux kuma, jita-jita suke ɗauka. Salon haruffan Alkalami, wanda SIL ta tsara bisa rubutun hannun Kano, kyauta ne, yana aiki a nan, yana aiki a can.

Ɗana, filashar tana aljihuna. Ana iya kunna tsarin daga cikinta a gwada ba tare da an goge komai ba. Ka zo zaure ranar Alhamis bayan la'asar, in akwai wuta, ka taho da taka kwamfutar da abokan nan naka biyu masu cewa rowa ce.