Mun Biya Kuɗin Mawaƙi, An Kunna Mana Filashi

A daminar bara aka yi bikin wani abokin aikinmu a Kano. An kama katafaren ɗakin biki, an ɗauko mawaƙin da ake yayi, an ba shi kuɗin da ya fi albashin wasunmu na wata uku. Ya hau dandamali da makirfo a hannu, murya zaƙwai kamar yadda muka saba ji a waya. Ana tsakiyar baiti na biyu sai janareto ya shaƙe, kwamfutar DJ ta ɗauke. Bakin mawaƙin ya ci gaba da motsi na ɗan lokaci, babu abin da ke fita. Ya yi dariya, mu ma muka taya shi. Muka zauna kusan minti goma ana jiran wuta, domin a duk faɗin ɗakin nan babu ganga ko ɗaya, babu ɗan amshi ko ɗaya, kuma shi kansa gwanin bai yi gigin buɗe baki ya rera da muryar da Allah ya ba shi ba.

Abin da ya tsaya mana a rai har yau shi ne babu wanda ya ji an cuce shi. Wuta ta dawo, aka mayar da waƙar farko, aka ci gaba da liƙi. Mun saba da mamin har mun manta cewa yaudara ce. Mun biya kuɗin mutum ya zo ya yi mana waƙa, sai ya zo ya tsaya kusa da waƙarsa a ɗauke shi hoto.

Kada a ce ƙyamar na'ura ce ke damunmu. Rubuta manhajar kwamfuta ce sana'armu, da ita muke ci da sha, kuma mun san abin da ke cikin tukunyar. Auto-Tune, wadda ke gyara muryar kusan kowane mawaƙin nanaye, ta fito ne a 1997, kuma wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin nazarin amon ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur. Aikinta ɗaya ne: duk inda murya ta kauce, ta jawo ta zuwa sautin da ya fi kusa. FL Studio da Cubase kuwa suna jera bugun ganga a kan ma'auni, kowane bugu a gurbinsa, ba gaggawa ba jinkiri. A wurin aikinmu wannan shi ne abin alfahari, ka ba manhaja abu ɗaya sau dubu ta ba ka amsa ɗaya sau dubu. Ranar da ta ba da amsa daban, ranar ba ma barci. To amma kiɗan Hausa a kan wannan saɓanin aka gina shi, wato na yau ya bambanta da na jiya saboda mutanen da ke zaune yau ba su ne na jiya ba.

A dubi kalangu. Mai kaɗa shi yana matse tsirkiya a hammata, sauti ya hau ko ya sauka, kuma da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, gangar tana magana. Mutum ya shigo fili, makaɗi ya hango shi, kafin ya zauna an buga takensa, kowa ya waiwaya. Filashi bai san wanda ya shigo ba. Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, an san shi da ƙirƙirar baiti nan take, shi ya sa za ka ji waƙa ɗaya a kaset biyu kowacce da nata zancen. 'Yan amshinsa ba ado ba ne. Lokacin da suke maimaita amshi, lokacin ne yake duba fuskokin jama'a yana ɗinka baiti na gaba. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, ƙaramin sauti ne da aka yi shi don kunnen da ke kusa. Barmani Choge da matan da ke kaɗa mata ƙwarya a tsakar gidajen biki suka ƙware, cikin matan da ke mayar musu da magana. Duk waɗannan da muke yi wa kirari a Facebook duk shekara idan ranar rasuwarsu ta zagayo, ƙananan wurare ne suka haife su: zaure, bakin kasuwa, tsakar gida, ɗan kulob mai kujeru talatin. A nan ake kuskure a gaban mutane, a ji kunya, a gyara. Mun rufe makarantar, muna mamakin rashin ɗalibai.

Watanni kaɗan bayan wancan bikin, aiki ya kai mu Zariya, wani ya ja mu bayan isha'i zuwa farfajiyar wani ɗan gidan abinci. Ba mu kai mutum arba'in ba, a kan tabarmi da fararen kujerun roba. Wani mai gurmi ne da yaransa biyu, ɗaya da kalangu ɗaya yana amshi, sai sifika ƙwaya ɗaya mai shaƙaƙƙiyar murya. Ana cikin waƙa tsirkiyar gurmin ta tsinke. Bai tsaya ba. Ya ci gaba da rerawa yana ɗaure ta, mai kalangu ya cike gurbin, kuma nan take ya saka tsinkewar a cikin waƙar, ya ɗora laifin a kan wani mai shayi da ke zaune gaba wanda ya ce ya hana shi bashi. Wuri ya kaure da dariya, mai shayin ya tashi ya kawo kofi da hannunsa. Can kuma wani dattijo ya ɗaga murya ya ce, “Malam, ba haka ubangidanka yake faɗin wurin nan ba,” mai gurmin ya rusuna ya ce, “A gafarce ni Baba,” ya koma ya gyara. Muryarsa ta kauce sau da yawa a daren nan, kowace manhaja da ta goge wuraren. Mun ɗauki bidiyo na minti biyu, da muka kalla washegari sai muka ga babu komai a ciki, domin abin da ya faru tsakaninsa da mu ne.

Wanda yake ganin wannan zancen tsofaffi ne, ya leƙa maƙwabtanmu. Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar mai kaɗa jita, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da Auto-Tune irin ta waƙoƙin fina-finanmu, kuma ta katin waya da Bluetooth waƙoƙin suka yaɗu a Sahara. Wato wurinmu ya zo aron na'ura. Amma bai ajiye jitarsa ba, ya ci gaba da kaɗawa a bukukuwan aure da mai ganga a bayansa, kuma wannan hannun ne ya kai shi dandamalan Turai da Amurka. Haka Etran de l'Aïr, 'yan gida ɗaya daga Agadas da suka shafe shekaru suna kiɗan biki a unguwanni kafin duniya ta san da su. Masu shirya bukukuwan kiɗa a waje ƙungiyar makaɗa suke nema. Namu gwanin, mai mabiya miliyoyi a TikTok, me zai ɗauka ya tafi da shi? Filashi a aljihun kaftani.

Mun san amsoshin da za a ba mu. Za a ce idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a fasa fiyano a koma taushi da kotso ba. A kawo fiyanon, amma a zo da mai kaɗa shi, yatsunsa a kai muna gani. Za a ce tsada, makaɗa biyar sun fi filashi ɗaya cin kuɗi. To a lissafa abin da ake kashewa a kwalliyar ɗakin biki da furannin roba da hayaƙin da ake busa wa ango da amarya, sannan a dawo mu yi maganar tsada. Kuɗin yana nan, makaɗi ne kawai aka cire daga lissafi.

Amsar da ta fi nauyi ita ce ta tarbiyya, kuma ba za mu raina ta ba. A garuruwanmu da yawa an haɗa ƙaramin wurin kiɗa da gidan gala da mashaya, har mutumin kirki yana jin nauyin a gan shi a can. Akwai wuraren da suka cancanci wannan suna. Amma majalisin bege da ake kwana ana buga mandiri a unguwanni ya isa shaida cewa za a iya tara mutane a ƙaramin fili, a yi kiɗa da hannu, a watse lafiya. Wurin da mutum arba'in suka san juna, dattijo yana zaune a gaba, ya fi wayar da ke ƙarƙashin bargon yaro tsafta nesa ba kusa ba. Abin da muke nema a wurin hukumomi ƙa'ida ce rubutacciya: ƙarfe nawa za a tashi, nawa ne kuɗin izini, me aka hana. Mai gidan abincin da bai san ranar da za a zo a kwashe masa kujeru ba, ba zai taɓa gayyatar mai goge ba.

Sauran laifin namu ne, mu masu sauraro. Mu ne muke so waƙa ta fito daidai da yadda take a waya, idan mawaƙi ya sauya baiti mu ce ya manta. Mu ne muke sayen data kullum ba ƙorafi, amma a ce mu biya naira dubu a ƙofa sai mu fara neman wanda muka sani a ciki. Da can liƙi ne ke riƙe makaɗi, yanzu kuwa dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta watsa naira, kuma an fara kama mutane a kai. Ke nan kuɗin ƙofa ya zama dole, ko a tura ta waya, ko a ajiye POS kusa da mai kalangu. Wannan ɓangaren mu ma za mu iya haɗa shi a ƙarshen mako ɗaya, ba shi ne mai wuya ba.

Wata mai zuwa wani daga cikinmu zai angwance, kuma mu ne kwamitin biki. Mun yanke cewa ba babban ɗaki, a farfajiyar gidan kawunsa za a yi, kuma duk mawaƙin da muka kira tambaya ɗaya muke fara yi masa: da makaɗa nawa za ka zo? Na farko ya yi dariya ya ce ai yanzu an wuce wurin. Na biyu ya yi shiru, sannan ya ce mu ba shi mako biyu, akwai wani mai kalangu da suka yi aiki tare da daɗewa, ya ji an ce yanzu caja da murfin waya yake sayarwa a kasuwar Farm Centre, zai je ya duba ko bai sayar da gangar ba.