An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Sabon Maharbi da Bindigar Rabin MOA

Tun da aka kafa gasar Precision Rifle Series a Amurka a shekarar 2012, wata shawara ta zama ruwan dare tsakanin masu sha'awar harbin nesa. Ana ce wa sabon shiga kada ya taka filin gasa sai ya mallaki bindigar da ke tara harsasanta cikin rabin MOA. Wannan shawara ba ta da tushe a lissafi, kuma tana jawo hasara biyu: wanda ya bi ta yana kashe dubban daloli a inda ba za su ƙara masa maki ba, wanda kuma bai da kuɗin yana zaune a gida yana jiran ranar da zai cancanta.

MOA ma'aunin kusurwa ne, kashi ɗaya cikin 60 na digiri guda. A nisan yadi 100 ya kai inci 1.047, a yadi 600 kuwa ya ɗan haura inci 6. Idan aka ce bindiga ta MOA ɗaya ce, ana nufin harsasanta na faɗuwa cikin da'ira mai wannan faɗi, in an ɗora ta a kan teburi an tokare ta gaba da baya.

Sai dai ba a kan teburi ake yin wannan gasa ba. Ana ba ɗan takara kamar daƙiƙa 90 zuwa minti biyu ya harba harsashi goma ko kusa da haka a kan fayafayan ƙarfe da ke nisa daban-daban, yana jingina bindigarsa da shinge, ko taya, ko dutse, yana sauya tsayuwa daga durƙuso zuwa tsugunno. Yawancin fayafayan suna da faɗin MOA biyu ko kewayen haka. Ko'ina harsashi ya bugi ƙarfen maki ɗaya ne, tsakiya da gefe ladansu guda.

Kurakuran da ba su dogara da juna ba, ba a tara su kai tsaye. Ana ninka kowanne da kansa, a haɗa, sannan a ɗauki tushen jimillar. A ɗauka sabon maharbi yana rawar hannu ta MOA biyu a kan shinge. Da bindigar MOA ɗaya, warwatsuwar harbinsa za ta kai 2.24. In ya sayi ta rabin MOA, za ta sauka zuwa 2.06. Ribar da ya samu ita ce 0.18, wato inci ɗaya da 'yan kai a nisan yadi 600. Da zai rage rawar hannunsa zuwa MOA ɗaya da rabi, da tsohuwar bindigarsa ma zai sauka zuwa 1.80. Atisayen da ke kawo wannan ba ya cin ko harsashi ɗaya, domin a ɗaki ake yin sa da bindiga wadda babu komai a cikinta.

Iska ta fi rawar hannu ɓarna. Harsashin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi, iskar da ke gudun mil 10 a sa'a daga gefe tana karkatar da shi fiye da inci 20 a yadi 600. Wanda ya yi kuskuren mil uku kacal wajen kintata ƙarfin iskar, harsashinsa zai kauce da inci 6 ko fiye. Faifan MOA biyu a wannan nisa faɗinsa bai kai inci 13 ba, ke nan daga tsakiya zuwa gefe inci 6 ne da ɗoriya. Kuskuren iska shi kaɗai ya isa ya fitar da harsashi daga ƙarfen, ko da bindigar tana zuba harsasai a rami guda. Bryan Litz na Applied Ballistics ya tsara hanyar lissafa yiwuwar samun abin hari a nesa, kuma darasinta shi ne, gwargwadon yadda nisa ke ƙaruwa, rashin tabbas game da iska yana danne sauran kurakurai.

Ita kanta lambar da ake tinƙaho da ita abin tuhuma ce. Akasarin hotunan rabin MOA da ake yaɗawa na harsashi uku ne, an zaɓi wanda ya fi kyau cikin gwaje-gwaje da yawa. Masanan Hornady sun yi ta jan hankali cewa sai an harba 20 ko 30 kafin a san ainihin halin bindiga, kuma da'irar tana faɗaɗa yayin da adadin ke ƙaruwa. Neman wannan lamba kuma ba kyauta ba ne: bututun irin waɗannan bindigogi yana lalacewa bayan 'yan dubban harbi, sai ga mutum ya ƙona ɗaruruwa a kan takarda yana gwada albarushi, bai taɓa harbi ƙarƙashin agogo ba.

Masu kare shawarar suna da hujja, amma a wani fage take aiki. A gasar F-Class ana harbi ne a kwance, kuma zoben tsakiya a yadi 1,000 faɗinsa inci 5 ne, wato kusan rabin MOA. A can ingancin bindiga ba abin wasa ba ne. Haka ma zakarun da ke rububin matsayi na ɗaya a PRS: sun riga sun tsuke rawar hannu da kuskuren iska, saboda haka ɗan abin da ya rage yana iya raba na ɗaya da na biyar. Laifin shi ne ɗaukar buƙatar gwani a ɗora wa ɗan koyo wanda yake zubar da rabin makinsa don lokaci ya ƙure masa ko ya manta juya madubin saiti.

Abin da sabon shiga ke buƙata kaɗan ne: bindigar da ke riƙe MOA ɗaya a harbi goma, madubin hange wanda juyinsa ke komawa daidai, sanin saurin harsashinsa, da jakar tokare guda mai kyau. Bindigogin kanti masu yawa suna kaiwa haka da harsashin gasa na kamfani. Akwai kuma gasar NRL22, inda ake amfani da ƙaramin harsashi mai arha, iska kuma tana koyar da darasinta tun a yadi 100. Kuɗin da za a kai wa maƙeri don ƙarin rabin inci sun fi amfani in sun tafi ga harsashin atisaye da kuɗin shiga gasa biyar. Bayan gasa ta biyar, takardar makinsa za ta nuna masa inda yake kuskure, kuma da wuya ya zama a bututun bindiga.