A Ba Mu Fasassun Tayil Mu Ƙawata Makarantarmu

A wannan makon muna da roƙo guda ɗaya ga hukumar makaranta. Muna so a ware wa kowane aji tukunyar fure ɗaya, a kuma ba mu izinin yi mata ado da gutsattsarin tayil da tangaran, irin adon da Turawa ke kira mozayik.

Kowa ya san abin da ke faruwa idan za a yi baƙi ko bikin yaye ɗalibai. A sayo fenti, a shafa wa tukwanen da ke bakin ofis da duwatsun gefen hanya. Damina ɗaya ta wuce, fenti ya ɓare, baɗi a sake kashe kuɗi. Shi kuwa tayil ba ya koɗewa a rana, ruwan sama ba ya wanke shi, ƙurar hunturu kuma tsumma mai laima ne maganinta. Aikin da aka yi bana, ƙannenmu da ke firamare yanzu za su zo su tarar da shi.

Kayan aikin ma ba sai mun sayo da yawa ba. Duk wanda ke bi ta Bompai ko Hotoro ko Dakata ya ga yadda ake zubar da ragowar tayil a bakin sababbin gine-gine. Mai sa tayil yana yanke abin da yake buƙata, sauran ya tafi bola. A gidajenmu kuma akwai faranti da kofin tangaran da suka fashe. Abin da zai ci kuɗi shi ne siminti kaɗan da yashi, sai ita tukunyar, wadda ake samu wajen masu sayar da furanni a bakin titi.

Wani zai ce ai wannan al'adar Turawa ce. Mu dai mun ga ba haka ba ne. Ku je Gidan Ɗan Hausa da ke nan Nassarawa, ko Gidan Makama da ke kusa da fadar Sarki, ku dubi zanen da magina suka yi a jikin bango. Iyayenmu mata kuma sun daɗe suna yin daɓe da tsakuwa da makuba, suna yin jere a ɗakunansu don ido ya huta. A birnin Fas na ƙasar Maroko, masallatai da makarantu cike suke da adon ƙananan tayil da aka jera da hannu. A Basalona ta ƙasar Sifen, mai zanen gine-gine Antoni Gaudi ya lulluɓe kujerun wani lambu da fasassun tayil tsakanin 1900 da 1914, kuma har yau mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Idan kuma wani ya raina aikin tukunya, ya juya takardar naira ashirin. Matar da ke jiki, Ladi Kwali, da ginin tukwane ta yi suna a duniya.

Yadda ake yi ba shi da wuya. Ana sa tayil a cikin buhu kafin a buge shi da guduma, don kada ɓarɓashi ya yi tsalle ya shiga ido. Sai a ware gutsattsarin launi-launi. Ana jiƙa tukunyar da ruwa tukuna, domin busasshiyar tukunya tana tsotse ruwan siminti, sai ya ƙi kamawa. A zana siffar da ake so da alli, a shafa kwaɓaɓɓen siminti a ɗan wuri, a danna gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, ana barin ɗan tsakani. Washegari a cike tsakanin da siminti mai ruwa-ruwa, a goge saman da soso. Daga nan a ajiye ta a inuwa, a riƙa yayyafa mata ruwa na 'yan kwanaki don kada ta tsage. Kada a toshe hujin da ke ƙasan tukunya, ta nan ruwa ke fita.

Mun san malamanmu suna da damuwa, kuma damuwar tana da tushe. Ta farko ita ce rauni. Bakin fasasshen tayil yana yanka kamar reza, siminti kuma yana cin fatar hannu. Saboda haka muna ba da shawarar a yi aikin da safar hannu, malami na tsaye, manyan ɗalibai kaɗai su riƙe guduma, kuma a bar kwalba da gilashi gaba ɗaya. Muna kuma jan kunnen 'yan'uwanmu: kada kowa ya je tsince-tsince a jujin masana'antu. A Bompai da Sharaɗa da Challawa akwai kamfanonin jima da na sinadarai, kuma abin da ke fita daga cikinsu ba na taɓawa da hannu ba ne. A nemi tayil wajen masu gini, da sallama da izini.

Damuwa ta biyu ita ce lokaci, musamman ga masu shirin WAEC da NECO. Ba mu ce a taɓa lokacin darasi ba. Lokacin ƙungiyoyi ya isa, ko Asabar ɗin ƙarshen wata bayan an gama tsaftar muhalli. Kuma wanda ya zauna ya fitar da dagi a jikin tukunya mai zagaye, ɓangaren dama ya yi daidai da na hagu, ya yi lissafin awo da kusurwa ko bai sani ba. Wani ma daga nan zai gane hannunsa na da sana'a.

Akwai damuwa ta uku da mu ɗalibai ya kamata mu faɗa wa kanmu. Tukunya mai kyau da mataccen fure abin kunya ce. Idan zafin watan Afrilu ya zo, ko aka tafi dogon hutu, wa zai ba ta ruwa? Shawararmu ita ce kowane aji ya rubuta sunansa a jikin tukunyarsa da gutsattsarin tayil, ya fitar da jadawalin ban ruwa, ya kuma shuka abin da ke jure fari, kamar kabar giwa. Ajin da ya bari shukarsa ta mutu, sunansa na nan a jiki kowa na gani.

Muna roƙon shugaban makaranta ya amince a gwada da aji biyu a wannan zangon. Idan an yi rauni ko an bar datti, a dakatar. Idan ya yi kyau, a faɗaɗa. Ku kuma 'yan'uwa, daga yau duk farantin tangaran da ya fashe a gida, ku roƙi Umma kada ta zubar, ku naɗe shi a takarda ku ajiye.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta