Sakkwato da baƙinta: Me ya hana Birnin Shehu cin gajiyar tarihinsa?

A watan Disambar 2024 Hukumar Ilimi, Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta amince a kare su, shekara takwas bayan ta yi wa bikin kamun kifi na Argungu irin wannan karramawa a 2016. Wannan ya sake tayar da tsohuwar tambaya a Arewa: ina matsayin Sakkwato, cibiyar daular da ikonta ya kai Adamawa da Ilori a ƙarni na 19, a harkar ziyara da yawon buɗe ido?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce rashin talla, wai duniya ba ta san abin da birnin ya ƙunsa ba. Amma duk wanda ya san Sakkwato ya san ba ta taɓa rasa baƙi ba. Sama da shekara 200 ke nan jama'a na yin takakkiya zuwa Hubbaren Shehu ba tare da an tallata musu ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsarin da zai karɓi waɗannan baƙi, ya ba su wurin kwana daidai aljihunsu, ya kuma kai su sauran wuraren tarihi su dawo lafiya.

Batun ya wuce na alfahari. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na watan Nuwambar 2022 ya nuna kimanin kashi 91 cikin 100 na mutanen Jihar Sakkwato na fama da talauci ta fuskoki da dama, adadin da ya zarce na kowace jiha a Najeriya. Jihar da ke cikin wannan hali ba ta da dalilin barin wata ƙofar arziki a rufe.

Abin da birnin ya mallaka

Muhammadu Bello ne ya kafa Sakkwato a 1809, shekara guda bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya komo cikinta daga Sifawa a 1815, ya rasu a 1817, aka binne shi a gidansa, wurin da ake kira Hubbare a yau. A nan ne kuma kabarin 'yarsa Nana Asma'u yake, wadda ta rasu a 1864, tare da na wasu sarakunan Musulmi da suka biyo baya.

A tsohon garin akwai Masallacin Shehu da Masallacin Bello da Fadar Sarkin Musulmi, inda Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, sarki na 20, yake zaune tun 2006. Mafi yawan ganuwar da ta kewaye birnin ta shafe, amma sunayen ƙofofinta suna nan a bakin jama'a: Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku da sauransu. Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu tana ajiye da rubuce-rubucen hannu da wasiƙu da kayan yaƙi na zamanin daula. Sunan Giginya, filin da aka gwabza da sojojin Ingila a ranar 15 ga Maris, 1903, yana rataye a kan filin wasa da barikin soja da babban otal.

Baƙi daga nesa ma ba sabon abu ba ne. Baturen Ingila Hugh Clapperton ya gana da Muhammadu Bello a 1824, ya dawo a 1826, ya mutu a kusa da birnin a 1827. Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa ta Wurno da Sakkwato a 1853. Tun kafin zuwansu, fatar jar akuyar Sakkwato ta riga su ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su.

Tarihin da ke bayan gari

Duk wannan ana iya zagaye shi cikin yini ɗaya, kuma nan ne matsalar farko take. Baƙon da ya gama ziyara kafin la'asar ba shi da dalilin kwana, wanda bai kwana ba kuwa ɗan abin da zai kashe kaɗan ne. Abin da zai tsayar da shi kwana biyu ko uku yana wajen birni, domin tarihin jihadi tarihi ne na tafiya daga zango zuwa zango.

Daga Degel da ke yankin Gwadabawa Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. A Tafkin Kwatto aka yi karon farko mai girma da rundunar Gobir a watan Yunin wannan shekara. Kufan Alƙalawa yana Ƙaramar Hukumar Sabon Birni. Kabarin Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, yana Wurno. Akwai kuma kufan Surame a yankin Binji, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, wanda ya girmi daular kanta da kusan shekara 300. An ayyana shi wurin tarihi na ƙasa a 1964, aka shigar da shi jerin jiran UNESCO a 2007, yayin da Sukur ta Adamawa ta samu cikakkiyar shiga tun 1999, dajin Osun-Osogbo kuma a 2005.

Idan aka ɗora taswirar waɗannan wurare a kan taswirar rashin tsaro, sai a ga sun kusan zama ɗaya. Gabashin jihar, musamman Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah, ya daɗe yana fama da 'yan bindiga. A watan Oktobar 2021 an kashe mutane da dama a harin kasuwar Goronyo, garin da ke da madatsar ruwan da za ta iya zama wurin shaƙatawa mafi girma a jihar. A arewa maso yamma kuma, Hedikwatar Tsaro ta sanar a watan Nuwambar 2024 da ɓullar ƙungiyar Lakurawa, wadda ta yi sansani a yankunan Tangaza da Gudu. Ƙasar da ta ba Shehu mafaka a 1804 ita ce yau malamin makaranta ba zai yi gigin kai ɗalibansa ba.

Wane ne baƙon Sakkwato?

Duk lokacin da aka ambaci yawon buɗe ido, hankalin masu tsara manufa kan tafi ga Bature mai kyamara. Gwamnatocin Amurka da Ingila kuwa sun daɗe suna gargaɗin 'yan ƙasarsu game da zuwa yankin, don haka gina tsari a kan zuwansa tamkar shuka ce a kan dutse. Baƙon Sakkwato na haƙiƙa ya kasu uku.

Na farko shi ne mai ziyara, wanda ke tasowa daga Kano ko Katsina ko Adamawa, ko daga Ƙonni da Tawa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, sau da yawa cikin ayari, kuma mata na da yawa a cikinsu. Wannan al'ada tana da asali. Nana Asma'u ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jaji, wato shugabar ayari mai sanye da malfa, ke jagorantar matan karkara zuwa wurinta don ɗaukar karatu. Na biyu shi ne ɗalibi da mai bincike, waɗanda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da aka kafa a 1975, da rumbunan rubuce-rubucen birnin ke jawowa. Na uku shi ne baƙon aiki: jami'in gwamnati, ma'aikacin ƙungiyar agaji, mahalarcin taro da mai kai gaisuwa fada.

Manyan masaukan birnin, irin su Giginya da Shukura da Sokoto Guest Inn da Dankani, sun fi dacewa da wannan rukuni na uku, kuma ba laifinsu ba ne, domin ɗan kasuwa inda kuɗi suke yake fuskanta. A garin da zafi kan haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, ɗakin kwana sai da na'urar sanyaya ɗaki, na'urar kuma sai da janareto saboda ƙarancin wutar lantarki, wanda hakan ke ɗaga farashi sama da ƙarfin talaka. Shi kuwa mai ziyara ya dogara ne ga ɗan'uwa ko zauren malami ko harabar masallaci, ko ya juya a ranar. Hausawa na cewa baƙonka Annabinka, kuma Sakkwatawa sun riƙe wannan magana, amma karamcin gida ɗaya ba zai ɗauki ayarin mota goma ba. Giɓin yana tsakiya: masauki mai tsafta da ruwa da makewayi, mai sashen mata daban, a kusa da tsohon gari, a farashin da manomi zai iya biya.

Gaskiya ne malamai sun saɓa game da wasu abubuwan da ake yi a wurin kaburbura, kuma wannan saɓani na iya sa hukuma ɗari-ɗari da batun. Sai dai samar wa matafiyi ruwa da wurin kwana da mai yi masa sahihin bayanin tarihi ba abu ne da wani ɓangare ke jayayya a kansa ba.

Darasi daga Tuba da Bukhara

A Senegal, birnin Tuba na karɓar miliyoyin mutane a kowace ranar 18 ga Safar don tunawa da fitar da Shehu Ahmadu Bamba daga ƙasar da Faransawa suka yi a 1895. Gidajen gari ne ke saukar da mafi yawansu, amma hukuma kan shirya ruwa da lafiya da tsaro da zirga-zirga tun kafin lokacin. 'Yan Najeriya da kansu kan kashe kuɗin jirgi da na mota zuwa Kaulaha don Maulidi da ziyarar kabarin Shehu Ibrahim Inyass, wanda ya rasu a 1975. Wannan ya isa hujja cewa kasuwar ziyara tana nan a cikin gida.

Misali na biyu shi ne Uzbekistan, ƙasar tsakiyar Asiya da ba ta da gaɓar teku, wadda ta fita daga Tarayyar Sobiyat a 1991, kuma kaɗan ne a wannan yanki suka san inda take. Abin da ta mallaka irin na Sakkwato ne: tsofaffin biranen ilimi kamar Bukhara da Samarƙand, da kabarin Imamul Bukhari. Ta fara jirgin ƙasa mai sauri tsakanin Tashkent da Samarƙand a 2011, ta buɗe neman biza ta intanet a 2018, ta kuma bar iyalai suna mayar da tsofaffin gidajensu ƙananan masaukai. Hanya da sauƙin shiga da wurin kwana ta fara gyarawa, talla ta biyo baya.

Hanya da iyaka

Ta fuskar sufuri, layin dogon da ya taso daga Zariya ya tsaya a Ƙaura Namoda tun 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba. Filin jirgin saman Sultan Abubakar III na masu hali ne. Saura hanyar mota, wadda daga gabas dole ta ratsa Zamfara. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon sama da kilomita 1,000, da aka ƙaddamar da aikinta a 2024, za ta buɗe ɓangaren kudu idan ta kammala, amma aiki ne na shekaru.

Iyakar Illela da Ƙonni, ƙofar baƙin Nijar, an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, har zuwa Maris ɗin 2024. A watan Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Kowace rufewa na yanke zumunta da ziyarar da suka girmi iyakar kanta.

Abin da ke hannun jiha

Tsaro da iyaka da layin dogo suna hannun Gwamnatin Tarayya, amma akwai abin da gwamnatin Gwamna Ahmad Aliyu da Majalisar Sarkin Musulmi za su iya farawa ba tare da jiran Abuja ba. Na farko shi ne ƙidaya: rajistar masu ziyara a Hubbare da cibiyar Waziri Junaidu, domin a san yawansu da inda suke fitowa da watannin da suka fi zuwa. Na biyu, gina masaukan masu ziyara ta hanyar waƙafi, abin da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar ke da hurumin jagoranta, tare da ba masu gidaje a tsohon gari lasisin saukar da baƙi. Na uku, horar da matasan da suka karanta tarihi su zama masu rakiya da Hausa da Fulatanci da Larabci da Faransanci. Na huɗu, ware wa dukawa da majema da masu kilishi wuri a kan hanyar masu ziyara. Na biyar, tsara lokacin ziyara a watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda ya dace da watan hijirar Shehu.

Wuraren da ba a iya zuwa yanzu ma suna buƙatar a auna su, a ɗauki hotunansu, a killace su, domin kufai ba ya jiran zaman lafiya. Ruwan sama da noma da masu ɗibar dutse na cin sa kowace shekara. Sifawa, wadda ke yankin Boɗinga kusa da birni, za ta iya zama zangon gwaji.

A 2004 an tara manyan baƙi a Sakkwato don bikin cikar daular shekara 200, aka yi jawabai, aka watse. Bayan fiye da shekara 20, matar da ta taso daga Tawa ko Gombe don ziyarar Hubbare har yanzu tana fara tunanin inda za ta kwana kafin ta hau mota. Ranar da ta daina wannan tunani ce za a ce Birnin Shehu ya fara cin gajiyar tarihinsa.